Akwatin HDMI zuwa AV: yana aiki, amma sai ka ba shi wuta mai kyau

Wannan ɗan farin akwatin da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, wanda ke mayar da hoton HDMI ya fito ta wayoyi uku, rawaya da fara da ja, ya yi mini abin da na saye shi dominsa. Tsohuwar talabijin mai doro da ke shagona yanzu tana nuna hoton kwamfuta. Sai dai kafin ka biya kuɗi, karanta rubutun jikinsa. Akwai HDMI2AV, akwai AV2HDMI, kamanninsu ɗaya, aikinsu kishiyar juna, kuma babu wanda ke yin aikin ɗan'uwansa. Yaron shago zai ce maka "Alhaji, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne.

A gefensa akwai maɓallin PAL da NTSC, wato tsare-tsare biyu na hoton talabijin. Najeriya PAL take amfani da shi, a nan za ka bar shi, in ba haka ba wasu talabijin ɗin sai su ba ka hoto baƙi da fari. Kada kuma ka sa ran tsabta. Layi 576 ne iyakar PAL, don haka ƙwallo da wa'azi suna fita lafiya lau, ƙananan rubutu kuwa sai ka matso.

Inda maganar take shi ne wuta. Akwatin bolt 5 yake ci ta USB, kuma duk dattin da ke cikin wutar a hoton zai bayyana. Da cajar waya mai arha, layuka ne ke ta yawo a fuskar talabijin, da ƙugi a lasifika. Ni kuma da batirin sola nake so ya yi aiki, wanda sunansa bolt 12 amma yakan haura 14 idan rana ta take.

Dole ke nan a rage wutar ta dawo bolt 5. Masu gyaran rediyo 7805 suka sani, ɗan abin rage wuta mai ƙafa uku, kuma wutarsa tsaf take. Matsalarsa zafi ne. Daga 12 zuwa 5, bolt 7 ɗin da ya rage zafi yake zama. A rabin amfiya wat 3.5 ke nan. A watan Afrilu na Kano, in babu ƙarfen sanyaya shi, sai ya yi zafi ya katse kansa.

Shi ya sa na koma shuɗin allon nan na LM2596, wanda shi ma rage wuta yake yi. Ba ya zafi sosai a irin wannan aiki, ko batiri ya hau ko ya sauka, fitarsa tana nan a inda ka sa ta. An rubuta amfiya 3, ni dai ba zan wuce 2 da shi ba. Ɗan sukurun da ke kansa mai zagaye da yawa ne, za ka yi ta murzawa baya mita ba ta motsa ba, har ka zaci ya mutu. Ci gaba da murzawa. Ka saita 5 da mita tukuna, sannan ka jona akwatin, domin yakan zo a saite da wuta mai yawa.

Aibinsa, tunda kunna wuta da kashe ta yake yi da sauri don ya rage ta, yakan bar siraran layuka a karkace cikin hoton. Kafasita, wato abin tace wuta, 470uF da ƙarama 100nF a bakin fita, da gajeriyar waya, suka kusan share mini su. Wayar AV da ke zuwa a kwalin kuwa siririya ce ƙwarai, ka nemi mai kauri tun kana kasuwar.