Efoksin West System 105 a gyaran tsohon jirgin kamun kifi na faibagilas

Yawancin tsofaffin jiragen kamun kifi na faibagilas da rezin ɗin poliyesta aka ƙera su, shi ya sa masu gyara suke komawa gare shi idan jirgi ya tsage. Matsalar ita ce sabon poliyesta ba ya kama tsohon da ya daɗe da bushewa sosai, musamman inda ake jijjiga. Nan ne efoksin West System 105 (efoksi wani nau'in rezin ne da ake haɗawa da sinadari ya daskare), na kamfanin Gougeon Brothers da ke Michigan a Amurka, ya yi wa poliyesta fintinkau: kamunsa ya fi ƙarfi, kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi.

Sai dai sinadarin da ake haɗa shi da shi don ya daskare, a nan mutane suke yin kuskure. Sinadaran daskarwar da lamba ake kiransu: da 205 da 206 duk ma'auni biyar na rezin ne a kan ɗaya na sinadarin, 209 kuwa uku a kan ɗaya. A zafin digiri 22, 205 yana ba ka minti 9 zuwa 12 kacal a cikin kofi, 206 kuma minti 20 zuwa 25. Idan rana ta take, 205 tarko ne. Ka dama da yawa a kofi mai zurfi, kafin ka shimfiɗa ƙyalle na biyu kofin ya ɗau zafi, ya fara hayaƙi, robar ma ta narke a hannunka. A yanayin zafi 209 ya dace, kuma a riƙa dama kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi. Kada a ƙara sinadarin don ya yi saurin bushewa. Ba haka efoksi yake aiki ba, sai dai ya fito da danƙo, ya ƙi yin tauri. Famfunan awo da kamfanin yake sayarwa suna rage wannan kuskuren, matsa ɗaya nan, matsa ɗaya can.

Kafin komai, a ƙwanƙwasa allon baya, inda ake ɗaura inji, da ƙaramar guduma. Inda yake da lafiya ƙara za ka ji mai kaifi, inda katakon ciki ya ruɓe kuwa sai ka ji "dum". A huda ƙaramin rami. In garin katako ya fito baƙi da laima, to babu efoksin da zai cece shi, sai an cire an sa sabon filawud na ruwa.

Wajen toshe huda, a goge bakin ramin a karkace, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin: kauri milimita 6, gangare milimita 72 kewaye. A goge da samfefa mai lamba 80, a share da asiton, a bar wurin ya bushe sarai. Ƙyallen gilashi mafi faɗi shi ake fara sawa, sannan ƙanana a kansa, ana matse iska da rola. A guji tabarmar yankakken zare irin ta poliyesta, domin mannen da ke riƙe ta sitayirin, wani sinadari da ke cikin poliyesta, ke narkar da shi, efoksi kuwa ba shi da sitayirin. Ƙyallen da aka ɗinke zarensa ya fi. A cikin garin da ake zubawa a efoksi don ya yi kauri, 406 don manni, 407 don cike lotsi.

Efoksi yana da nasa aibin. Bayan ya bushe wani maiƙo-maiƙo yana fitowa a samansa, wanda sai an wanke da ruwa da soso kafin a goge, in ba haka ba fenti ya ɓare. Kuma rana tana cinye shi, dole a rufe da fenti. Jelkot, wato shafin waje mai sheƙi na jikin jirgin, shi ma ba ya son zama a kansa sai da shiri sosai. Ƙaramin karce a saman jelkot bai kai a ɓata efoksi ba, poliyesta ya wadatar. Safar hannu da takunkumi wajibi ne, don taɓa shi a kai a kai yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum.