English Teacher ko The Last Dinner Party: da wa za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce sunayen nan biyu sun ishe ka a intanet, kana son jin bambancinsu da wadda ta cancanci ka ƙona mata data.

Abin da ya haɗa su dai ba kaɗan ba ne. Duka ƙungiyoyin mawaƙa ne na Ingila, duka suna ƙarƙashin kamfanin Island Records, duka a 2024 suka fitar da kundinsu na farko, har suka haɗu a takarar Mercury ta shekarar, wato kyautar kundin waƙa mafi fice na Birtaniya da Ireland. Amma da ka sa kunne, hanyar jirgi daban, ta mota daban.

The Last Dinner Party su biyar ne, a Landan suka kafu a 2021. Abigail Morris ke ba da waƙa, sauran na kiɗa suna amshi. Kiɗansu mai cika kunne ne, fiyano da jita da muryoyi hawa-hawa, ga shiga irin ta fadojin Turai na da, dogayen riguna da leshi. Tashensu ma da gudu ya zo. A Yulin 2022, ko waƙa ɗaya ba su saki ba, suka buɗe wa Rolling Stones fage a Hyde Park. Suka lashe BBC Sound of 2024, zaɓen BBC na sababbin mawaƙa masu tasowa, kundinsu Prelude to Ecstasy ya fito a Fabrairu ya haye lamba ɗaya a Birtaniya. Saurin nan ne ya sa masu tsegumi ke cewa kamfani ne ya dafa musu. Ni ban kama wannan zance ba. Saurari hannun Emily Roberts a kan jita, wadda ta yi karatun kiɗan jaz a makarantar kiɗa ta Guildhall, ka ga ko kuɗin talla na iya saya wa mutum wannan.

English Teacher kuwa su huɗu ne, a makarantar kiɗa ta Leeds suka san juna, kuma ba ruwansu da ado. Lily Fontaine rabi magana take yi rabi rerawa, kiɗan kuma sai kana tsaka da gyaɗa kai ya sauya taki ya bar ka a baya. Ƙarfinsu na cikin kalma. Tana waƙe Colne, ɗan garin da ta tashi a Lancashire, da zolaya da ƙauna a haɗe. Tana da waƙa mai suna "R&B" (sunan wani salon waƙa na baƙaƙen Amurka), martani ga masu ganin launin fatarta su yanke mata irin waƙar da ta dace da ita tun ba ta buɗe baki ba. Kundinsu This Could Be Texas ya fito a Afrilu, a Satumba ya ɗauke Mercury da fam 25,000. A lokacin, rabon da wasu daga wajen Landan su ci kyautar tun Young Fathers na Edinburgh a 2014.

To, in so kake abu ya kama ka tun jin farko, fara da 'yan Landan, ko Turancinka bai yi nisa ba za ka ji daɗi. Na Leeds sai ka buɗe rubutun baitocin a gabanka, ka ba su ji biyu ko uku, kuma su na fi komawa gare su.

Sai dai kada ka kunna "Nothing Matters" ta 'yan Landan a falo gaban su Hajiya. Amshinta akwai batsa ƙarara, nemi abin sawa a kunne.