A Dakar an ba talaka tsakiyar kwalta

'Yan uwa na Yamai, ina gaisuwa. Kun dame ni da tambayar tsadar Dakar, to ku bar wannan sai wani jiƙon, yau maganar mota ce.

Ran nan da safe ina tsaye cikin doguwar bas ɗin nan da suke kira BRT, na taso daga Guédiawaye zan shiga gari. Muna isa wajen Liberté 6 na leƙa taga, sai ga wata jibgegiyar jip mai baƙin gilashi ta maƙale cikin cunkoso, direban sai hon yake yi. Muka wuce shi fiu, ni da wata mai tallar kifi da 'yan makaranta. Wallahi dariya ta kufce mini, har na kusa da ni suka juyo. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai dala ɗari, wato sefa 500, a aljihu ya bar babban mutum a baya ba.

Motocin suna da kyau, na lantarki ne, da sanyi a ciki, ba hayaƙi ba ƙara. Amma wannan duk ado ne. Abin da aka yi shi ne an yanki tsakiyar kwalta tsawon kilomita 18, daga Petersen a tsakiyar gari zuwa Guédiawaye a bayan gari, aka shinge shi, aka ce ba mai taka shi sai bas. Tasha 23 ce a kan layin, ya ratsa ƙananan hukumomi 14, su Grand Yoff da Parcelles Assainies da sauransu. Dakar kuwa a kan wani siririn tudu take da teku ta kewaye, aiki da kasuwa suna can ƙarshensa, jama'a suna kwana a baya. Kowace safiya kowa ta ƙofa ɗaya yake son shiga. Tafiyar da kan ci awa ɗaya da rabi yanzu ta koma kamar minti 45. Tikitinka kake saya kafin ka hau dandamali, saboda haka babu cacar baki da karen mota kan canji, babu jiran sai ta cika.

Kada ku ɗauka a ruwan sanyi aka same shi. An soma aiki a 2019, da kuɗin Bankin Duniya a ciki, shugaban ƙasa na lokacin, Macky Sall, ya buɗe a watan Janairun 2024, fasinja kuma sai a watan Mayu suka fara hawa. Maƙwabtana har yanzu suna ƙorafin shekarun ƙura da ramuka, da masu shagunan da aka tayar. Ni ma ina da nawa ƙorafin. Da magariba mutum sai ya bar bas biyu sun wuce kafin ya samu wurin sa ƙafa. In ka sauka, gidanka kuma yana can cikin yashin unguwa, dole ka sake neman wata 'yar ƙurƙura ka sake biya. Dala tamanin ko ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ne ga lebura, shi ya sa tsofaffin motocin nan masu fenti, car rapide, har gobe cike suke. Ga masu babur da ke satar shiga layin in sun ga ba idon jami'i. Duk inda ka je akwai irinsu.

Akwai kuma ranar da nake kewar kabu-kabun bakin layinmu, wanda ya san ƙofar gida, ya san tsohuwa, in ba ka da kuɗi ya ce ka bari sai gobe. Nan ƙofa na rufewa ko kai limamin unguwa ne, babu “don Allah direba dakata”.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mu a gida in an ce gyaran sufuri, sai a sayo motoci, a jera su, a yanka kyalle, a sake su cikin cunkoson da ya kashe na baya. Bayan shekara biyu suna kan duwatsu. Ku dubi Gadar Kennedy da safe, ɗalibai da ma'aikata na ta faman ƙetarawa tsakanin Harobanda da cikin gari, ku dubi bakin Katako. A ce yau an ware layi daga Harobanda zuwa Wadata, wa zai fara shigarsa? Mai jiniya ne, sai ƙanin matarsa, sai mai amalanke ya ce ai shi ma ɗan ƙasa ne, sai mai shayi ya kafa teburi a tashar. Mu kanmu fasinjojin ba za mu yarda mu taka sawu ɗari zuwa tasha ba, sai dai a sauke mu daidai ƙofar shago.

In magajin gari ya turo tawaga nan, kada a tsaya nuna musu kujeru da na'urar sanyi. A kai su tashar BRT ta Grand Médine ƙarfe bakwai na safe, kowa ya sayi tikitinsa da kuɗinsa, ya bi layi.