Rizab ɗin tsohon Jincheng ɗina: abin da na auna da hannuna

Babur ɗin da nake hawa ya girmi ɗana na fari. Jincheng AX100 ne, mai hayaƙin nan da ya cika titunan Kano kafin a hana acaɓa a farkon 2013. Asalin zubin na Suzuki ne, kamfanin Jincheng na birnin Nanjing a ƙasar Sin ya riƙa ƙera shi, injinsa cc 100, mai shan man 2T, wato man injin da yake ƙonawa tare da fetur. Daga hannun yayana na karɓe shi, yau shekara shida ke nan. Inji da jiki ba ni da ƙorafi a kansu. Maganar tanki da rizab, wato ɗan ragowar man da ake komawa kansa in mai ya kusa ƙarewa, nake so in yi, domin nan ne ya taɓa ba ni kunya, ko kuma in ce nan na ba kaina kunya.

Wannan babur ba shi da agogon mai. Abin da kake da shi shi ne makunnin nan da ke ƙarƙashin tanki ta hagu, mai wuri uku: ON, RES (wato rizab) da OFF. In kana so ka san abin da ya rage, sai ka buɗe murfi, ka girgiza babur, ka kasa kunne. A takarda tankin lita 12 yake ci, har da rizab a ciki. Na daɗe ina ɗauka rizab wani ɗan aljihu ne daban da aka ware a cikin tanki. Ashe ba haka ba ne. Ranar da bakanikena ya kwance makunnin ya nuna mini, sai na ga 'yan bututu biyu ne a tsaye, dogo da gajere. In kana ON, dogon ne ke zuƙar mai, da zarar mai ya sauka ƙasa da bakinsa sai inji ya fara shaƙewa. Ka juya RES, gajeren ya kama aiki, ya kwashi na gindin tanki. Mai ɗaya ne, tanki ɗaya. Rizab gargaɗi ne kawai.

To gargaɗin nan na kashe da hannuna. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ninka haka, na daina cika tanki. Lita ɗaya, lita biyu, gwargwadon abin da aljihu ya yarda. Mai kaɗan haka sau da yawa ba ya ko kaiwa bakin dogon bututun, don haka makunnina ya tare a RES, har na manta yana juyawa. Duk mai babur da na sani haka yake yi yanzu. A rizab muke kwana, a rizab muke tashi.

Wata Asabar na kama hanyar Gwarzo zuwa ta'aziyya. Na sha lita uku a Kabuga, na je lafiya. A dawowa, ban kai Rimin Gado ba, sai na ji ya fara fizga, fut, fut, totur ya yi laushi a hannuna. Na kai hannun hagu ƙasa cikin isa zan juya rizab, na tarar tun tuni a can yake. Rana tsaka, babbar riga a jikina, gonaki hagu da dama. Wani dattijo da ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa ya tsaya yana kallona ina ta buga kik. Ya ce, "Malam, kar ka wahalar da ƙafarka. Kwantar da shi ta hagu ka ɗan jira." Na ce, "Baba, ai babu ko ɗigo." Ya ce in dai kwantar. Cikin tankin kamar sirdi yake a kan ƙarfen babur, ɓangare biyu, makunnin kuma a hagu yake, don haka akwai ɗan man da ke maƙalewa a dama. Na kwantar da shi har hannun ya kusa taɓa ƙasa, na ɗaga, na hura murfin tanki da baki kamar yadda na ga 'yan acaɓa na yi, na ja cok, bugu na huɗu ya tashi. Wannan ɗan guntun ya kai ni wajen wani yaro ɗan bumburutu. Kuɗin kwalba biyu da na biya shi, ba sai na faɗa ba.

Washegari na ce sai na san gaskiyar tankin nan. Na fitar da babur tsakar gida, nesa da murhu, na zuba mai da ɗan yawa, na cire tiyon da ke zuwa kafireto, na sa makunni a ON, na tari man a galan har ya daina zuba. Sannan na juya RES na tara a babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Gora ɗaya ta cika, da ɗan abin da bai kai kofin shayi ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na ƙarshen: ja-ja-ja kamar ruwan zoɓo da aka sirka, da ɓarɓashin tsatsa, ga 'yan ɗigon ruwa kwance a gindin gora. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake zama, tankin da kullum yake fanko kuma yana tara gumi a ciki, gumin ya zama tsatsa. Wato duk watannin nan dattin tanki nake ɗura wa kafireto, ina zargin fulogi.

Da tankin ya bushe na tura shi gidan mai na ce a cika, ya ci lita goma sha ɗaya da 'yan kai. Ragowar ta tafi a loɓawar da ke gefen dama, tun faɗuwar da yayana ya yi da shi. Mitar nisa tana aiki, Allah ya taimaka, sai na rubuta lambar. Ni kaɗai, a hanya mai kyau, ina tafiya a giya ta huɗu ba tare da murɗa totur ƙarshe ba, lita tana ba ni kilomita 33 zuwa 35. A cikin gari, da cunkoson Kofar Ruwa da tsaye-tsaye, ko in na ɗauko uwargida da buhu, ba ta kai 30. Lissafin ke nan: ciken tanki wajen kilomita 300 kafin ya nemi rizab, rizab kuma kilomita 45 zuwa 50 in an lallaɓa. Ni 40 nake riƙewa a raina, saboda ba na son ya sake taɓo ja-ja-jan nan.

Wannan lissafin babur ɗina ne. Na maƙwabcina iri ɗaya ne, amma wani bakanike ya taɓa sa masa makunnin wani babur daban mai guntun bututu, rizab ɗinsa ko lita ɗaya bai kai ba. Shi ya sa in mai sayar da tsohon babur ya ce maka rizab ɗinsa zai kai ka Wudil ka dawo, ka ce ya kawo gora.

Da za a ce in ba wannan tsari maki, zan ba shi mai kyau. Makunnin ba ya buƙatar batir ko waya, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba, in ban da lokacin da na rufe masa baki. Inda ya gaza, ba ya tuna maka ka mayar da shi ON bayan ka sha mai, da dare kuma sai da lalube, in ka saba juyawa kana tafiya. An wanke mini tankin, an sa ƙaramar matatar mai a jikin tiyo, irin ta roba da ake ganin cikinta. Ranar albashi nakan daure in cika shi sau ɗaya, sauran kwanaki in riƙa ƙari tun bai sauka ba. Na kuma ɗaura ɗan jan zare a hannun babur, kusa da madubi, in na juya RES sai in zame shi zuwa tsakiya. Yarana sun ɗauka laya ce.