Raba asusu a Windows 11: yadda ta kaya a ofishinmu na kargo

Duk mai ƙaramin ofis a nan Jidda da yara ke taɓa masa kwamfuta, ina ba shi shawara ya ƙwace musu ikon adimin, wato cikakken ikon girka manhaja da canza saitin kwamfuta. Mu masu tura kayan alhazai da 'yan kasuwa zuwa Kano ne, kuma a da kowa sarki ne a kan na'urarsa. Yau wani ya sauke manhajar kallon ƙwallo, gobe talla ta cika fuskar kwamfutar. Da muka koma Windows 11, sai na mayar da kowa ƙaramin asusu marar wannan iko, kalmar sirrin adimin tana hannuna.

Tsarin ba sabo ba ne, tun Windows Vista yake. Duk manhajar da za ta shiga Program Files, babbar ma'ajiyar manhajoji a kwamfuta, ko ta taɓa saitin na'ura gaba ɗaya, sai allo ya dusashe, akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Nan fa tarkace ya ragu sosai.

Amma kada a ɗauka an rufe ƙofa ruf. Chrome da Zoom suna iya zama a cikin AppData, ma'ajiyar da kowane asusu ke da tasa, ba tare da sun tambayi kowa ba, haka yawancin kayan Microsoft Store ba sa neman izini. Firinta kuwa akasin haka: tun gyaran tsaro na Agustan 2021, ɗora direbanta, wato manhajar da ke sa ta aiki, daga wata kwamfutar ofis sai da adimin. Ina kasuwar Balad waya za ta shigo: "Yaya, ta ce a sa fasuwod." Dole in dawo.

Inda muka sha wuya shi ne tsohuwar manhajar lissafinmu, wadda ke ajiye bayananta a cikin Program Files. Windows ba ya hana irin waɗannan kai tsaye, sai ya karkatar da rubutun zuwa VirtualStore, wata ma'ajiya daban ta kowane asusu. Sakamakon haka, kilon da mai awo ya shigar da safe bai bayyana wa mai rasit ba, ga Hajiya tsaye da jakunkunan dabino da abaya tana jiran takardarta. Laifin masu manhajar ne. Da na mayar da bayanan wata jakar fayiloli da na ba kowa ikon rubutu a cikinta, lissafi ya daidaita.

Kafin ka raba asusun, ka girka duk abin da ake bukata, ka gwada kowace manhaja da ƙaramin asusun, musamman ta fatura, wato rasit.