Cirar Kashi 25 Na Fansho Bayan Rasa Aiki

Ga ma'aikacin Zariya da aka sallama, wannan hidima tana share hawaye. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata 4 babu aiki, damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Kamfanin fansho zai nemi takardar sallama, shaidar haihuwa, hoto, lambar NIN da asusun banki.

Inda gizo ke saƙar shi ne suna. "Muhammad" a NIN, "Mohammed" a fayil, sai takardu su maƙale har a gyara. Haka ma idan wurin aikin bai zuba kuɗin watannin ƙarshe ba. Abin takaicin, wanda kamfanin fanshonsa ba shi da reshe a Zariya sai ya hau motar Kaduna.