Zaɓen Injin Wankin Mota a Kebbi: Wanne Ne Ƙarfin Feshinsa Ke Ɗorewa?

Ƙorafin da ya yawaita a bakin masu wankin mota a Birnin Kebbi da Jega shi ne inji ya zo da ƙarfinsa, bayan 'yan watanni kuma ruwa ya koma fita kamar daga bakin buta. Sau da yawa matsalar tun daga kasuwa take farawa, inda mai saye yake duba lambar ƙarfin feshi da aka rubuta a kwali ya manta da irin famfon da ke ciki.

Ƙananan injinan lantarki na gida, irin su Kärcher, galibi suna bayar da bar (ma'aunin ƙarfin matsin ruwa) 110 zuwa 150, kuma sun wadatar ga wanda zai wanke motarsa da babur ɗinsa jefi-jefi. Sai dai idan wuta ta zo da rauni, ko janareta ya yi musu kaɗan, feshinsu yakan ragu ko da babu abin da ya same su. Wanda zai wuni yana wanki domin neman abinci, ban ga dalilin da zai sa ya zuba kuɗinsa a nan ba.

Shi mai sana'a injin fetur ne nasa, duk da tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023. Honda GX200 da ire-irensa na Caina suna jan aikin, amma a famfo bambancin yake. Akwai mai araha wanda faranti karkatacce ke tura fistin ɗinsa. Yana saurin zafi, kuma da yawansu idan suka gaji sai dai a canza su ɗungurungum. Akwai kuma mai fistin uku na tangaran, irin wanda kamfanonin Italiya kamar Annovi Reverberi da Interpump suka yi suna a kai, wanda yake da nasa man, kuma makanike zai iya buɗe shi ya sauya sil (robar da ke hana yoyo) da bawul ya mayar. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma shi nake ba mai wurin wanki shawarar saye, domin ranar da ƙarfinsa ya faɗi, gyara ne a gabansa maimakon sayen sabo.

Kowanne aka zaɓa, ruwanmu ne zai gwada shi. Ruwan rijiyar burtsatse da na 'yan ga-ruwa kan zo da yashi, yashin kuma yana maƙale bawul, yana cinye sil, yana faɗaɗa ramin nozul, wato bakin da ruwa ke fita, har feshi ya yi sanyi, saboda haka kuɗin matatar ruwa mai kyau yana cikin kuɗin inji. Famfon da ke jan lita 12 zuwa 15 a minti yana bukatar tanki a sama da shi da tiyo mai faɗi. Idan ruwa bai ishe shi ba, ko iska ta shiga ta mahaɗa, za a ga feshi yana tsinkewa, tiyo yana karkarwa. Haka nan barin inji yana aiki minti biyu ko uku ba a matsa bindigar feshi ba yana dumama ruwan da ke kewayawa a famfo ya lalata sil, musamman a zafin watan Afrilu.

Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya tayar da injin da ruwa, a saki bindiga a sake matsawa a ga ko ƙarfin yana dawowa nan take, sannan a tambaye shi ko sil da bawul da nozul na wannan famfon suna samuwa a gari ko sai an aika Sabon Garin Kano.